Alama a Wuyan Murhu

Gateshead, Litinin, yayyafi tun asuba.
Gida na huɗu a takardata, koriyar ƙofa.
Dattijo Thirlwell ya buɗe, rigar sanyi kan rigar sanyi,
ya ce, "Ke ce mai duba gas? Na ɗauka namiji za su turo."
Na ce, "Sifana ba ta san hannun wa ke riƙe da ita ba."

A sana'armu laifi hawa-hawa ne.
Akwai wanda zamani ne kurum ya bari a baya,
an kafa shi daidai a ranarsa, ƙa'ida ce ta yi gaba:
wannan ka faɗa da baki, ka wuce.
Akwai wanda bai ciji kowa ba tukuna
amma yana wasa haƙori:
ka nemi izini, ka kashe, ka rataya masa alama.
Sai na ƙarshe, wanda ba ya jiran gobe.
Shi raba shi da bututu ake yi, a toshe,
tun shayin da aka zuba maka bai huce ba.

Na durƙusa gaban murhun ɗumama falo.
Harshen wuta, da ya kamata ya miƙe shuɗi,
yana rangaji rawaya, kamar mai jin barci.
Kunkunniya ta yi wa bango gemu.
Na kunna ƙwayar hayaƙi a bakin mafita,
hayaƙin ya leƙa sama, ya fasa,
ya dawo ɗaki ya zauna da mu.
Can a saman bututu, ina zato,
hankaka ta gina wa 'ya'yanta gida.

"Kana ciwon kai?"
"Tsufa ne."
"Yana sauka in ka fita sayen jarida?"
Ya yi shiru. Ya dubi kyanwarsa
da ta koma kwana kan matakala tun Oktoba.

Na ce, "Akwai iskar da ba ta da wari, ba ta da launi,
ba ta sallama.
Bargo take lulluɓa wa mutum, ta ce huta."
Ya ce, "Winifred ce ta zaɓi murhun nan
shekarar da muka gama biyan kuɗin gida.
Shekara talatin da ɗaya bai taɓa cutar kowa ba.
Ba za ki taɓa shi ba."

Gidansa ne. Ba ni da hurumin yankewa sai da yardarsa.
Na faɗa masa haka, na faɗa masa sauran:
in ya ƙi, zan kira masu babban layi,
su kuwa doka ta ba su ƙofa,
daga mita za su rufe, har girki har ruwan zafi.
Ban so muryata ba sa'ad da nake faɗa.
Ta yi kama da takarda.

Agogo na tafiya. Na buɗe taga, sanyi ya shigo da takalmansa.
A hannun kujera akwai safa guda, 'yar mitsitsiya, mai zanen kifi.
Ban ce komai a kanta ba. Shi ya ɗauka.
"Ta Elspeth ce. Jikata.
Ran Juma'a nan take kwana, gaban wuta."
Ya juya safar ciki waje, ya sake juyawa.
"Yi aikinki, yarinya."

Murɗa uku, toshiya ta zauna.
Na shafa kumfa, na jira: babu ko ƙwaya ɗaya da ta taso.
Na ɗaura alamar a wuyan murhu,
Haɗari, kada a kunna,
ya sa hannu a takarda, biron na rawa.

Akwai tsohuwar hitar lantarki a bayan motata,
ba ta cikin kowace ƙa'ida.
Na jona masa, na ce ya ga likita yau, ba gobe ba.
Bai yi godiya ba. Ban jira ba.

A mota na cike fam, gwiwata jiƙe.
Ta tagar da na bari a buɗe
na hango kyanwar ta sauko mataki ɗaya,
ta tsaya tana shinshina.
Gida na biyar, wai tukunyar ruwan zafi ce ke ƙara.